Aikin kashe gobara a Saudiyya: waye ke da shi, kuma wa za a kira?

Da yawa cikin mutanenmu na Makka da Jidda suna ɗauka 'yan kwana-kwana ma'aikatan baladiyya ne, wato hukumar kula da gari, tunda ita ke kwashe shara da duba shaguna. A da haka ne. Rundunar kashe gobara ta farko da aka kafa a Makka a 1346 Hijira, cikin baladiyya take. Daga baya aka raba su, a 1385 hukumar ta samu sunan da muka san ta da shi, Difa'ul Madani, kuma dokar da take aiki da ita ta fito a 1406, wato 1986. Yau tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida.

Abin da wannan ke nufi shi ne, babu garin da zai ce motar kashe gobara tasa ce shi kaɗai. Babbar hedikwata tana Riyad, kowane ɗaya cikin yankuna 13 na ƙasar yana da nasa ofishin, a ƙarƙashinsa kuma cibiyoyin garuruwa da unguwanni. Makka da Jidda da Ɗa'if duk yanki ɗaya ne. Idan wuta ta fi ƙarfin wata cibiya, ana turo ta kusa da ita ba sai wani gari ya roƙi wani ba. Lokacin Hajji ma daga sassan ƙasar ake tattaro jami'ai da kayan aiki zuwa Mina da Arfa.

Haka aka yi wa lambobin waya. An saba da 998 ta kwana-kwana, 997 ta motar asibiti, 999 ta 'yan sanda. A yankin Makka aka fara haɗe ɗakunan karɓar kira wuri guda ƙarƙashin 911, sannan Riyad da yankin Gabas da Madina suka biyo baya. Wanda hayaƙi ya turnuƙe masa ɗaki ba shi da natsuwar tuna lambobi uku daban-daban, don haka a ganina wannan gyara ne na gaske.

Sai dai akwai inda tsarin ke buƙatar mu. Mai ɗaga waya a cibiyar yanki ba lallai ya san lungunmu ba. A tsofaffin unguwanni irin na kan duwatsun Makka, inda matakala ce hanya kuma mota ba ta shiga, cewa "bayan masallaci, kusa da mai burodi" ɓata lokaci ne. Kowane gini yana da gajeren adireshi na Unwanul Waɗani, wato tsarin adireshin ƙasa, haruffa 4 da lambobi 4. A rubuta shi a manna jikin ƙofa ta ciki, yara su haddace, sannan idan an kira a tura mutum bakin titi ya tarbi mota. Kuma don Allah a kira da wuri, kada a tsaya fama da bokiti har wuta ta kai tukunyar gas.

Dokar ba ta tsaya kan kashe wuta ba, har da hana ta tashi. Mai shago ko gidan abinci sai ya cika sharuɗɗan kariya, ya nemi lasisin Difa'ul Madani ta manhajar Salama. A Mina kuma, gobarar 1997 ta ci alhazai sama da 300, bayanta aka kafa tantunan da ba sa kama wuta. Har yanzu ana hana shiga da tukunyar gas wuraren aikin Hajji, kuma jami'ai suna bi tanti-tanti suna dubawa.