Bututun Jagoran Jijiya

Bututun jagoran jijiya wani siririn bututu ne da likitocin tiyata ke dasawa tsakanin bakuna biyu na jijiyar ji ko ta motsi da ta tsinke, don zaren jijiyar ya bi ta cikinsa ya sake haɗuwa. Jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska na iya tsirowa bayan rauni, amma a hankali, kimanin milimita 1 a rana. Matsalar ita ce idan giɓin ya yi faɗi, sabon tsiro yakan ɓace hanya, ya dunƙule ya zama kumburi mai zafi.

Tun a 1850 Augustus Waller na Ingila ya bayyana yadda ɓangaren jijiyar da ya rabu da tushensa ke ruɓewa. Bayan ruɓewar, ƙwayoyin Schwann, waɗanda ke lulluɓe zaren jijiya, sukan jeru layi-layi suna nuna wa sabon tsiro hanya. Aikin bututun shi ne ya kare wannan wuri, ya tara sinadaran da bakunan jijiyar ke fitarwa, ya kuma hana tabo shiga tsakani.

A Siwidin, Göran Lundborg ya yi gwaje-gwaje da bututun silikon, sai dai silikon ba ya narkewa a jiki, wani lokaci sai an sake tiyata an cire shi. Shi ya sa aka koma ga kayan da jiki ke narkarwa da kansa: kolajin daga agarar saniya, ko kitosan daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, ko irin robar zaren ɗinkin tiyata mai narkewa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da bututun NeuraGen, na kolajin, a 2001.

Amma bututu mara komai a ciki bai cika amfani ba in giɓin ya wuce santimita 3. A nan har yanzu an fi dogara da yanko jijiya daga sha-raɓar majinyacin a dasa masa, ko da yake hakan na barin gefen ƙafarsa ba ya ji. Masu bincike na cusa zaruruwa masu laushi jere a tsaye cikin bututun, ko sinadarin haɓaka jijiya, wanda gano shi ya sa Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka sami kyautar Nobel a 1986.

Lakar ƙashin baya kuwa lamarinta daban ne: tabon da ke fitowa a cikinta da wasu sinadaranta na hana tsiro, don haka dashen irin wannan a can yana matakin gwaji.