Lissafi Mai Zurfi a Ƙarshen Sakandare: Tambayoyin da Ɗalibai Ke Yi

Me ya bambanta shi da lissafin da kowa ke yi?

Lissafin gama-gari ya fi amsa tambayar "nawa ne?" Shi kuwa mai zurfi yana bin diddigin yadda abu ke canzawa da kuma dalilin canzawarsa. A nan ɗalibi ke haɗuwa da kalkulas (lissafin saurin canzawar abu), tirigonometiri mai faɗi (lissafin kusurwoyi da gefunan alwatika), jerin lambobi da ƙididdiga.

A ce ka saki dutse daga saman dogon bene. In an ajiye maganar iska a gefe, nisan da zai faɗo a mita shi ne 4.9t², inda t ke nufin daƙiƙoƙi. Bayan daƙiƙa 3 ya sauko mita 44.1. Wannan ko ɗan ƙaramar sakandare zai fitar. To amma a daidai wannan ƙiftawar ido, da wane gudu dutsen yake tafiya? Kalkulas zai mayar da 4.9t² ya zama 9.8t, amsa ta fito: mita 29.4 a kowace daƙiƙa. Isaac Newton ɗan Ingila da Leibniz ɗan Jamus, kowannensu ya gano wannan hanya da kansa, kuma Leibniz ne ya fara wallafa nasa a 1684.

Gaskiya ne sai mai baiwa ke iya shi?

Wannan magana ta fi komai damuna, domin ta kori yara da yawa tun ba su buɗe littafin ba. A ganina, yawancin masu faɗuwa a kalkulas ba kalkulas ɗin ne ya kayar da su ba. Aljabarar da suka tsallake a ajin baya, wato lissafi da haruffa a gurbin lambobi, ita ce ta biyo su.

Duba wannan kuskure da ake gani kullum a takardar jarrabawa: ɗalibi ya rubuta (a + b)² = a² + b². Sa 2 a gurbin a, 3 a gurbin b. Hagu ya ba ka 25, dama ya ba ka 13. Ina 12 ɗin ya tafi? Shi ne 2ab da aka manta. Mai irin wannan kuskure zai iya fahimtar sabon darasi sarai, amma amsarsa ta lalace a layi na uku, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da kai. Alhali gyaran bai wuce zama da atisaye ba.

Ita kanta kalmar aljabara daga "al-jabr" ta samo asali, a cikin sunan littafin Al-Khawarizmi, malamin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Ma'anarta ɗori, kamar yadda ake ɗora karaya.

Wa ya kamata ya ɗauka?

Duk mai niyyar karanta injiniya, fizik, kimiyyar kwamfuta ko tattalin arziki a jami'a. Tun shekarar farko za su ci karo da kalkulas, kuma wanda ya taɓa ganinsa ya fi samun sauƙi.

Yaya ake karanta shi?

Da biro da takarda. Kallon malami yana warware lissafi a allo yana da daɗi, har ka ji kamar ka iya, amma gani ba ci ba ne. Rufe misalin, ka warware shi da hannunka. In ka maƙale, nemo ainihin layin da ka tsaya, ka kai wa malami wannan layin maimakon ka ce "ban gane komai ba." Rabin awa kullum ta fi awa biyar a daren jarrabawa.

In na riga na makara fa?

Koma baya ba kunya. Ware mako biyu ko uku ka maimaita lissafin ɓangarori (irin ½), dokokin lamba mai hawa (irin a²) da buɗe baka (irin warware (a + b)²), sannan ka dawo kan babin da ya gagare ka.