Yankan alade a ƙauyukan Sifen ba ibada ba ne

Wani zai iya ɗauka cewa yankan aladen da dangi ke taruwa su yi a ƙauyukan Sifen hidimar Kirsimeti ce. Ko kusa. Sanyi ne ya tsayar da lokacin. Kafin zuwan firij, ɗanyen nama ba ya jure zafi, shi ya sa ake jiran hunturu, daga wajen 11 ga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, dole a gayyato maƙwabta. Maza su danne dabbar, su babbake gashin, mata su wanke hanji, su ɗura masa niƙaƙƙen nama da jan barkono. Cinyoyi kuwa a binne su a gishiri, a rataye, a yi ta ci har shekara ta zagayo. Yanzu ma sai likitan dabbobi ya duba naman, saboda wata tsutsa mai shiga tsokar mutum.