Sa hannu a takardar gwajin magani ba sayar da kai ba ne

Ana ta yaɗa cewa duk wanda ya sa hannu a takardar shiga gwajin sabon magani ya sallama jikinsa ke nan, babu fita. Ƙa'idar ba ta ce haka ba. Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin binciken lafiya a kan mutane, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964, aka kuma sake yi mata gyara a 2024, ta ba mutum damar janyewa duk sanda ya ga dama, ba tare da an huce a kansa ba. Kafin sa hannun ma, dole a gaya masa manufar binciken, haɗarinsa, da mai zuba kuɗin. Wanda bai iya rubutu ba, a rubuta amincewarsa a gaban shaida. Yaro kuwa waliyyinsa ke amincewa, amma in yana da wayo ya ce a'a, a saurare shi.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne batun filasibo, wato ƙwaya ko allurar da ba ta ɗauke da magani, wadda ake ba wani rukuni don a auna bambanci. Jama'a na ɗauka likita na da ikon hana rabin majinyata magani. A'a. Asalin hukuncin shi ne a gwada sabon magani da mafi ingancin wanda ake da shi. Filasibo na halatta ne idan cutar ba ta da tabbataccen magani, ko akwai ƙwaƙƙwaran dalilin kimiyya, kuma rashin maganin ba zai jawo mummunar illa ko wadda ba ta gyaruwa ba.

Wannan togaciya ta biyu ce ke da ƙura. A 1994 an tabbatar cewa maganin AZT na rage yaɗuwar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku, amma aka ci gaba da ba mata masu ciki filasibo a wasu gwaje-gwaje a Afirka da Tailan, har rigima ta ɓarke a 1997. An tsaurara sharaɗin a 2000, sai kuma aka sassauta a 2002. Ƙofar da aka bari tana da faɗi, gaskiya.

Hukunci fa? Sanarwar ba dokar ƙasa ba ce, ba ta ɗaure kowa a kurkuku. Ƙarfinta yana hannun kwamitin ɗa'a mai tantance bincike, wanda zai iya hana binciken ko ya dakatar da shi, da mujallun kimiyya da ke ƙin buga sakamakonsa. Ƙwace lasisi ko biyan diyya kuwa, sai abin da dokar ƙasar da aka yi gwajin ta tanada.