Shari'ar AbbVie da NHS England kan kwangilar magungunan ciwon hanta nau'in C

Shari'ar AbbVie da NHS England ƙara ce da kamfanin haɗa magunguna na Amurka, AbbVie, ya shigar gaban Babbar Kotun Ingila a shekarar 2018, yana zargin hukumar kula da lafiyar jama'a ta ƙasar, NHS England, da nuna son kai wajen tsara kwangilar sayen magungunan ciwon hanta nau'in C. Kwangilar ta kai kusan fam biliyan 1 cikin shekara biyar, kuma a lokacin babu wata kwangilar magani da hukumar ta taɓa bayarwa da ta kai ta girma.

A lokacin, kamfanoni uku ne kaɗai ke sayar wa NHS England sababbin ƙwayoyin maganin da ke warkar da cutar cikin 'yan makonni: Gilead da AbbVie da MSD. Sai dai ƙwayar cutar iri-iri ce, kuma ba kowane magani ke cin kowane iri ba. Maviret na AbbVie da Epclusa na Gilead suna aiki a kan dukkan manyan ire-iren, amma Zepatier na MSD iri na 1 da na 4 kawai yake magancewa. Daga nan rigimar ta samo asali.

NHS England ta kasa kasuwar kashi-kashi, tana kuma so ta auna tayin kamfanonin a ma'auni ɗaya. To yaya za a kwatanta mai kayan da ya cika rumfa da mai rabin kaya? Dabarar da hukumar ta fito da ita ita ce farashin cike gurbi: duk kashin da kamfani ba shi da maganinsa, sai a rubuta masa farashi mafi arha da wani abokin takara ya bayar a wurin, don lissafin maki kawai. AbbVie ya ce wannan zalunci ne, domin idan ya rage kuɗin maganinsa, MSD zai ci moriyar ragin ba tare da ya sayar da ko ƙwaya ɗaya a wannan kashin ba. Ya kafa hujja da dokar kwangilolin gwamnati ta 2015, wadda ta wajabta a yi wa masu neman kwangila daidai wa daida.

A ranar 18 ga Janairun 2019, Mai Shari'a Choudhury ya yi watsi da ƙarar. Ya ce daidaito yana nufin a yi wa masu hali ɗaya hukunci ɗaya, alhali AbbVie da MSD ba halinsu ɗaya ba ne, tunda magungunansu ba su kai ga marasa lafiya iri ɗaya ba. Ko da ma an sami bambanci, in ji kotun, akwai dalili mai ƙarfi a bayansa: in aka bar ƙaramin ɗan takara ya faɗi tun daga lissafi, gasa za ta ragu, farashi kuma ya tashi. Hujjar AbbVie ba ta banza ba ce, amma kotu ta bar wa hukuma sararin zaɓen ma'auninta.

NHS England ta ce shari'ar ta jinkirta shirin da wata shida. A watan Afrilun 2019 aka sanar da yarjejeniya da kamfanonin ukun duka, har da AbbVie ɗin da ya kai ƙara. Bayan sayar da magani, an ɗora musu tallafa wa aikin zaƙulo masu ɗauke da cutar ba su sani ba, a gidajen yari da cikin marasa matsuguni da masu ta'ammali da allurar ƙwaya. Hukumar ta sa wa kanta 2025 a matsayin wa'adin kawar da cutar, shekara biyar kafin 2030 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar.