Barry Marshall da ƙwayar olsa: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tunda na ambaci mutumin nan a aji wata biyu da suka wuce wayata ba ta huta ba, tambaya ɗaya mutum goma. Ga amsoshin nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Wai waye shi?

Likitan ciki ne ɗan Ostiraliya, an haife shi 1951. Shi da Robin Warren suka nuna cewa ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, wato olsa. Sun karɓi Nobel a 2005.

Ba yunwa ce ke kawo olsa ba?

A'a. Yunwa da yaji suna iya sa ka ji zafin, amma tushen yawanci ƙwayar nan ce, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac da kuke saye a kemis kamar gyaɗa.

Da gaske ya sha ƙwayar cutar?

Ya sha, a 1984. Bayan 'yan kwanaki ya fara amai, aka zira masa na'urar leƙa ciki aka tarar bangon cikin ya kumbura. Kumburi ya samu, ba olsa ba, don Allah ku daina ƙara wa labarin gishiri.

Takardun bincike nawa ya wallafa?

Da yawa, je ka PubMed, rumbun takardun binciken likitanci na intanet, ka ƙirga, ni ba sakatarenka ba ne. Waɗanda suka girgiza likitoci dai 'yan kaɗan ne: wasiƙu biyu a mujallar Lancet a 1983, ɗaya tasa ɗaya ta Warren, sai babbar takardarsu ta 1984 kan marasa lafiya 100, sai bayanin shan ƙwayar a 1985.

Malam, ina neman wanda zai duba min aikin digiri na biyu. In bi mai h-index mafi girma kawai?

To wannan ce tambayar da ta isa a zauna a kanta. Da farko ma'anar abin: idan an ce h-index ɗin mutum 20 ne, yana da takardu 20 da kowacce aka kafa hujja da ita aƙalla sau 20. Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro lissafin a 2005, kuma yana da amfani, ban ce ka watsar ba. Amma fa a shafukan da ke ƙirga ta, lambar da Google Scholar zai ba ka daban, ta Scopus daban, na farkon yakan kwashi komai har abin da bai kamata ba, sannan dattijon da ya shekara talatin yana rubutu dole ya fi matashi ko da matashin ya fi shi kai, ga masu kafa hujja da takardunsu da kansu, ga waɗanda ake cusa sunansu a tsakiyar marubuta arba'in ba su taɓa ganin mara lafiyar ba. Akwai wanda ya kawo min takardunsa sittin na neman ƙarin girma cikin ƙatuwar ambulan, na buɗe na ga fiye da rabi a mujallun nan ne da za ka biya yau a buga maka jibi. Shiru kawai na yi.

Koma kan Marshall. A 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsa ta ƙi karɓar taƙaitaccen bincikensa a taronta, lokacin matashi ne da ba wanda ya san shi, da lamba za ka bi da ka wuce shi. Sai 1994 cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa kashe ƙwayar ga masu olsa, a shekarar ne kuma aka sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki. Shekara goma fa. Don haka duba lambar, amma karanta takardun malamin da kake son ya duba maka aikin, uku na baya-bayan nan, da idonka, ka ga ko sunansa na farko ko na ƙarshe, ka tambayi tsoffin ɗalibansa ko yana karanta aiki ko ajiyewa yake a bayan mota. Ko da haka ban yi maka alkawarin dacewa ba, wani gwani ne a bincike amma ba ya ɗaga waya.

Mu nan ba abin da muka yi kenan?

Kwantar da hankalinka, an yi. Binciken da wani likita mai suna Holcombe ya yi a Maiduguri ya nuna ƙwayar ta yi yawa sosai a jikin mutanenmu, kuma a 1992 ya tayar da muhawarar me ya sa kansar ciki ba ta kai haka yawa a Afirka ba. Har yau ana kai ruwa rana a kai.

Shi Warren fa?

Sai yanzu kuka tuna da shi. Shi ya fara hango ƙwayar a madubin likita tun 1979 a asibitin Perth, kafin Marshall ya zo. Ya rasu 2024.

To wane magani zan sha?

Ba a nan ake rubuta magani ba. Je asibiti a yi maka gwajin bahaya ko na numfashi tukuna.