Waiwaye: Yadda masana falaki suka mayar da rana tsakiya

Abin da ido ke gani kullum shi ne rana ta fito gabas ta faɗi yamma, ƙasa kuwa tana nan daram. A kan haka Batlimus na Iskandariyya ya gina lissafinsa wajen shekara ta 150 miladiyya, aka yi ta aiki da shi sama da shekara 1,300. Tun kafinsa wani Bagirke, Aristarkus, ya ce ƙasa ce ke kewaya rana, kusan ba wanda ya bi ta kansa.

Tauraron Mirrihu (Mars) ne ya yi ta ci wa masana tuwo a ƙwarya. Duk bayan shekara biyu da 'yan watanni sai ya tsaya cak a tsakanin taurari, ya ja da baya na kimanin wata biyu, sannan ya miƙe. Batlimus ya toshe wannan ɓaraka da ƙananan da'irori a kan manya. Ibn Shaɗir, mai kula da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, ya yi wa lissafin gyara na gwaninta a ƙarni na 14, amma ya bar ƙasa inda ya same ta.

A 1543 littafin Kofanikus ɗan Folan ya fito da amsa mai sauƙi: ƙasa da Mirrihu duk rana suke kewayawa. Ƙasa ta fi Mirrihu sauri, to idan ta zo wuce shi sai a ga kamar baya yake yi, yadda tirela ke yi wa wanda ke cikin motar da ta sha gabanta. Sai dai fa kada a zuzuta: lissafinsa bai fi na Batlimus daidai ba, domin shi ma ya nace wa cikakkiyar da'ira. Taiko Burahe ɗan Denmak, wanda ba wanda ya kai shi iya awon taurari a zamanin, ya ce in ƙasa na tafiya, me ya hana a ga taurari sun gusa? Tambayar ba ta wasa ba ce.

An fi ambaton Galileo, wanda a 1610 ya hangi watanni huɗu irin namu na sama suna kewaya tauraron Mushtari (Jupiter), ya kuma ga Zara tana cika tana raguwa kamar wata. A ganina dai Kefla ɗan Jamus ne ya yi mai wuyar. Ya gaji awon Taiko, ya tarar lissafinsa na Mirrihu ya kauce da ɗan abin da yake kimanin rubu'in faɗin wata. Wani zai ce kuskuren awo ne ya wuce. Shi kuwa ya watsar da da'irar, a 1609 ya ce hanyar kamar zoben da aka ɗan matse take.

Da jadawalinsa na 1627 ya ce tauraron Uɗaridu (Mercury) zai gitta ta gaban rana a ranar 7 ga Nuwamba, 1631. Ya rasu shekara guda kafin nan. Ranar na zuwa, wani masanin falaki, Gasandi, ya zauna a ɗaki mai duhu a birnin Faris na Faransa, ya ga ɗan ɗigo baƙi yana ratsa hoton rana.

Gusawar taurarin da Taiko ya nema kuwa, sai a 1838 Besel na Jamus ya iya auna ta.